Baitulmalin En'e da Tarihin Hisabin Dukiyar Jama'a a Arewacin Nijeriya

Kalmar baitulmali, wadda asalinta Larabci ne kuma take nufin ɗakin ajiyar dukiyar al'umma, ta girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarauta, inda ya ware babi ga hanyoyin da ya halatta dukiya ta shiga hannun sarki, ya kuma ware wani ga hanyoyin da ya wajaba ta fita. Da jagororin jihadi suka zo a farkon ƙarni na 19, sai suka mayar da wannan batu ɗaya daga cikin manyan hujjojinsu a kan sarakunan da suka tarar, domin a cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin al'adun zalunci da shari'a ba ta ɗora wa kowa ba, ƙaninsa Abdullahi kuma ya rubuta wa Kanawa littafin Liya'ul Hukkami domin ya nuna musu ƙa'idojin riƙon jama'a. A koyarwar waɗannan malamai sarki mai riƙon amana ne kawai, dukiyar da ke hannunsa ba tasa ba ce, kuma za a tambaye shi yadda ya tara ta da inda ya kai ta.

Abin da ya gudana a aikace bai tsaya daidai da abin da ke cikin littattafai ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa wuri 2,500 daga kowane magidanci, ana kuma karɓar kuɗin karofi a kan marinai, jangalin da aka yi tir da shi kuwa ya koma yadda yake. Hakimai suna zaune ne a birni kusa da fada, garuruwan da aka ba su riƙo suna warwatse a sassan ƙasa, saboda haka kowannensu yakan tura jakada, wato baransa ko bawansa mai karɓo haraji, shi kuma jakada yakan ɗebi rabonsa kamar yadda dagaci ya ɗebi nasa kafin abin da ya saura ya isa ga hakimi, daga nan ga sarki, wani kaso kuma ya wuce Sakkwato. Akwai sarautar Ma'aji mai kula da taska, amma babu wata iyaka bayyananniya tsakanin abin da sarki yake ciyar da gidansa da bayinsa da abin da yake kashewa a kan ganuwa da masallaci da dawakin yaƙi. Talakan da aka matsa wa yana da hanyoyi kaɗan na neman hakkinsa: ya kai kuka gaban alƙali, ko ya dogara ga wa'azin malami mai tsoron Allah, ko kuma ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura zuwa ƙasar wani sarki. Wannan hanya ta ƙarshe ita ce masu mulki suka fi shakka, domin garin da ya watse ba ya ba da haraji.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris, jagoransu Lugard ya bayyana cewa ikon ɗora haraji ya koma hannun gwamnatinsa, sannan dokokin haraji na 1904 da 1906 suka fara tattara ɗimbin kuɗaɗen da ake karɓa a da zuwa manyan nau'o'i biyu, wato haraji a kan mutane da gonakinsu da sana'o'insu, da jangali a kan shanu. Aka soke aikin jakadu, aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su koma cikin jama'arsu. Da fari ana raba abin da aka tara ne tsakanin gwamnati da sarki, sarki ya yi yadda ya ga dama da rabonsa. Sauyin da ya fi kowanne tasiri ya fara ne a Katsina, inda jami'in mulki H. R. Palmer da Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, suka tsara cewa rabon masarauta zai riƙa shiga baitulmali guda, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi tsayayye daga ciki, saura kuma a kashe shi bisa kasafi, wato rubutaccen ƙiyasin shiga da fita na shekara wanda Razdan, babban jami'in Turawa na lardi, zai duba ya sa hannu. Kano ta bi sahu a zamanin Sarki Abbas, kuma daga 1911, lokacin Gwamna Hesketh Bell, tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. Hukumar da ta ginu a kan wannan taska ita ce Hausawa suka kira En'e.

Wajibi ne a ba wannan tsari hakkinsa, domin a karo na farko an raba aljihun sarki da asusun jama'a a rubuce, an sami littafin shiga da fita, an sami rasit, an kuma sami malaman baitulmali waɗanda sana'arsu ke nan su tsare lissafi. Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane ne ake yi wa wannan lissafi, kuma taƙaddamar da ta tashi bayan dawowar Lugard a 1912 ta amsa ta sarai. Lugard ya so a shigar da kuɗin baitulmali cikin kasafin gwamnati domin gwamna ya riƙe linzaminsu, su kuwa manyan jami'an mulki irin su Charles Temple da Palmer suka dage cewa kuɗin masarauta na masarauta ne, kuma Ofishin Mulkin Mallaka da ke Landan bai goyi bayan Lugard ba. Duk tsawon wannan ja-in-ja, abin da ake gardama a kai shi ne wane Bature ne zai duba littafin. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ko ɗan akuyarsa ya biya harajin bai shiga maganar ba ko kaɗan. Dagaci yana ba da hisabi ga hakimi, hakimi ga sarki, sarki ga Razdan, Razdan ga gwamna, amma babu wani mataki da hisabin yake saukowa zuwa ga mai biya.

Duk da haka baitulmali ya yi ayyukan da ake gani da ido. Rabon En'e, wanda ya daɗe yana rabi, ya ƙaru zuwa kashi 70 cikin ɗari ga manyan masarautu a 1928, kafin karyewar tattalin arzikin duniya ta sa a rage shi zuwa kashi 60. Da irin wannan kuɗi En'e ta Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta gina asibitin birni, ta kuma jawo ruwan famfo daga Challawa tare da wutar lantarki, aikin da aka buɗe a 1931. Daga baitulmali ake biyan 'yan doka da ma'aikatan gidan yari da malaman elementare da masu gyaran hanya. Amma mai duba kasafin wancan zamani zai ga cewa albashin masu sarauta da ma'aikatan hedkwata ne ke cinye kaso mafi tsoka, ana kuma tara rarar kuɗi a ajiye su cikin takardun jari a Ingila, alhali ƙauyukan da suka samar da mafi yawan harajin suna shan ruwan tafki. A can ƙasa kuwa, inda idon mai binciken kuɗi ba ya kaiwa, tsohuwar ɗabi'ar jakada ta sake fitowa cikin sabuwar riga: malamin taki mai auna gona da sawu yakan ƙara ko ya rage gwargwadon abin da aka damƙa masa, ana ɓoye adadin shanu a raba jangalinsu, ana karɓar haraji sau biyu daga mutumin da ba zai iya karanta rasit ɗin da ke hannunsa ba. Cin kuɗin haraji ya zama ɗaya daga cikin manyan dalilan tuɓe hakimai da dagatai, sai dai wanda ake tuɓewa shi ne wanda ya tauye rabon hukuma, ba kasafai ake tuɓe wanda ya tatsi talaka ya cika lissafi ba.

Tun da bincike yana hannun na sama kaɗai, ya zama makamin da manya ke saran juna da shi. A 1943 an tuhumi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda a lokacin yake Gusau, da karkatar da kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, amma da ya ɗaukaka ƙara sai babbar kotu a Zariya ta wanke shi, kuma mutane da yawa sun ɗauki shari'ar a matsayin ci gaban takarar sarautar Sarkin Musulmi da ta gabata. Kira na farko mai ƙarfi da ya nemi a juyar da fuskar hisabi zuwa ga jama'a ya zo ne a watan Agusta na 1950, sa'ad da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Arewa da ke Kaduna yana neman a binciki tsarin En'e, yana kukan cin hanci da yadda ake mulkin talakawa ba tare da jin ta bakinsu ba. A cikin wannan wata ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, ta kai maganar haraji da aikin tilas har cikin kasuwannin ƙauye. Sakamakon wannan matsi shi ne aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, dokar En'e ta 1954 ta ɗaure shi da majalisarsa, aka kuma ƙarfafa majalisun gunduma masu ɗan asusun kansu, ko da yake hakimi ne ke shugabantar yawancinsu.

Binciken da ya fi kowanne girgiza Arewa shi ne wanda gwamnatin Sardauna ta ɗora wa D. J. M. Muffett a 1962 a kan kuɗin En'e ta Kano, mafi arziki a yankin, bayan da asusunta ya shiga mawuyacin hali. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Masu tarihi sun daɗe suna saɓani a kan gwargwadon rawar da ɓarnar kuɗi ta taka da gwargwadon ta tsamin dangantaka tsakanin Sarki da Firimiya Sardauna, kuma babban dalilin dawwamar saɓanin shi ne ba a wallafa cikakken rahoton ba. An binciki kuɗin Kanawa, an sauke sarkinsu, amma ba a nuna musu lissafin ba, kuma wannan babban rashi ne ga al'ummar da take koyon mulkin kai a lokacin.

Mulkin soja ya karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e bayan 1966, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babinta, ya maye gurbinta da majalisu masu samun kaso daga asusun tarayya wanda man fetur ke cikawa. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma murnarsu tana da hujja idan aka tuna wulaƙancin da ake sha a hannun masu karɓa. Amma soke harajin ya zo da wani sakamako da ba a cika magana a kansa ba, domin mutumin da ya ƙirga sulallansa ya miƙa wa dagaci yana jin cewa rijiyar da ba a haƙa ba kuɗinsa ne aka ci, shi kuwa wanda kuɗin ƙaramar hukumarsa ke zuwa daga Legas, daga baya daga Abuja, ya fi saurin ɗaukar aikin gwamnati a matsayin alheri daga mai mulki. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda ya ba gwamnoni damar riƙe kuɗin, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kashe kuɗin hukuma, sai dai jihohi da dama sun shafe shekaru suna jayayya a kotu cewa ba ta hau kansu ba, rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi kuwa har yanzu majalisar dokokin jiha ake kai wa, a babban birni, rubuce da Turanci.