Awara

Awara (suna, jinsin mace): abinci ne da ake yi da madarar waken suya. Wasu na kiranta ƙwai-da-ƙwai.

Ana jiƙa waken, a markaɗa, a tace, a ɗora madarar a wuta. Idan ta tafaso sai a zuba ruwan tsami, na gasara ko na tsamiya, ta dunƙule. A juye a ƙyalle, a danne da dutse har ruwa ya tsane, a yanka, a soya. A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan Jigawa, mata ne ke wannan sana'a a cikin gida, ana ci da yaji, albasa da kabeji.

Fiye da kashi ɗaya cikin uku na busasshen waken suya sinadarin gina jiki ne, shi ya sa awara ke tsaya wa talaka a madadin nama.

Asalinta ƙasar Sin ne, a duniya kuma an fi saninta da tofu. 'Yar'uwarta tempeh ta tsibirin Java a Indonesiya ba a tace ta: dafaffen waken ake naɗewa a ganyen ayaba ya kwana biyu har ya haɗe, a soya.