WAƘA A MATSAYIN GARKUWAR TALAKA

Tun muna aji uku malaminmu na Hausa ya sa muka haddace wani yanki na waƙar Malam Sa'adu Zungur, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya". A lokacin jarrabawa kawai ke gabanmu. Sai da na koma gida hutu, mahaifina ya ji ina rerawa, ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, a zamaninsu irin waɗannan baitoci kan kai mutum gidan yari.

Ga yadda abin yake. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, lokacin da ikon ƙasa ke hannun Turawa da En'e. 'Yan doka, kotun alƙali da kurkuku duk na En'e ne. Wanda ya yi taron siyasa ba izini sai ɗauri ko bulala. Galibin talakawa kuwa ba su karatun boko, balle jarida ta kai gare su. Saboda haka sai waƙa ta zama jaridarsu.

Malam Sa'adu, mutumin Bauchi, ya gargaɗi sarakuna da su gyara, yana nuna musu yadda sarautu suka rushe a Indiya. Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai". Gambo Hawaja kuma daga Jos ya riƙa tsara wa NEPU waƙoƙi, ana rerawa a kasuwa da tashar mota. Ana iya kama mai waƙa a ɗaure, amma wa zai ɗaure abin da dubban mutane suka haddace? Ta haka talaka ya gane cewa haraji da aikin tilas abubuwa ne da yake da ikon tambaya a kansu.

Malam Sa'adu ya rasu a 1958, bai ga ranar 'yancin kai ba. Mulkin soja ma bai ƙyale marubuta ba: Wole Soyinka ya tsere daga ƙasar a 1994, aka rataye Ken Saro-Wiwa a 1995.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ƙuri'ar da muke jefawa tun 1999 ba a banza ta samu ba. Ina roƙon ƙungiyarmu ta sayi littattafan waɗannan bayin Allah ta zuba a laburaren makaranta, ƙannenmu su san su. Allah Ya jiƙan magabata, amin.