Tarihin Gaggawa a Kan Bugun Zuciya

Maƙalarmu ta wannan makon ta leƙa asibiti ne, don mu ga yadda likitoci suka gano cewa wanda bugun zuciya ya kama, da agogo yake tsere.

Tun a 1912 wani likitan Amurka, James Herrick, ya bayyana cewa gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya. Amma sanin cuta daban, maganinta daban. Shekaru kusan arba'in bayan haka, abin da ake yi wa majinyaci bai wuce allurar kashe zafi da kwanciya ta mako shida ba.

Ko shugaban Amurka bai tsira daga jinkiri ba. Cikin daren 24 ga Satumba, 1955, ciwon ƙirji ya tashi Eisenhower daga barci a birnin Denver. Likitansa ya yi masa allura ya bar shi a gida, aka shaida wa 'yan jarida wai ɓacin ciki ne. Sai da aka shafe kusan awa 12 kafin a kai shi asibiti, inda ya yi mako bakwai. Ya rayu, amma da yawa irinsa ba su kai labari ba.

Wanda ya sauya lissafin shi ne Frank Pantridge, likitan zuciya a asibitin Royal Victoria da ke Belfast, a Ireland ta Arewa. Abin da ya dame shi shi ne, masu mutuwa da yawa suna cikawa ne a awar farko, tun ba su ga ƙofar asibiti ba. Zuciyar kan daina bugawa daidai ta koma karkarwa, jini ya tsaya. Akwai na'urar da ke dawo da ita hayyacinta da jan lantarki, sai dai tana girke a asibiti, mara lafiya kuwa yana gida ko bakin titi. Sai Pantridge ya ce to a kai masa ita. A 1965, shi da abokan aikinsa suka haɗa wata mai aiki da batirin mota, nauyinta kusan kilo 70 (ku ƙiyasta buhun siminti da kusan rabin wani), suka ɗora ta a motar asibiti tare da likita da nas. Motar ta fara fita a Janairun 1966. Rahoton da suka fitar a 1967 ya nuna sun ɗauko mutum 312, kuma babu wanda ya rasu a hanya. Zuwa 1968 na'urar ta koma kilo 3. A ganinmu wannan mutumin bai samu sunan da ya cancanta ba.

Daga baya bincike ya ƙara fito da dalilin saurin. A 1977 gwajin Reimer da Jennings a kan karnuka ya nuna tsokar da jini ya yanke mata takan soma mutuwa bayan kamar minti 20, ɓarnar ta yi ta faɗaɗa, cikin awa shida mafi yawanta ta tafi, kuma ba ta sake tsirowa.

A nan ne abin ya shafi alƙalaminmu. A littattafai da finafinan Hausa, Alhaji kan ji mummunan labari ya dafe ƙirji ya faɗi, a yayyafa masa ruwa, a kwantar da shi a ɗaki, washegari likita ya ce a daina ɓata masa rai. Wannan jinyar zamanin Eisenhower ce, kuma mai karatu na iya kwaikwayonta ranar da mahaifinsa ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, gumi na keto masa, zafin na sauka hannun hagu ko haɓa. Wani ma cewa zai yi olsa ce ta tashi.

A 1986 likitocin Italiya suka gwada maganin narkar da gudan jini a binciken da ya ƙunshi majinyata sama da 11,000. Waɗanda suka samu maganin cikin awar farko, mace-macensu ya ragu da kusan rabi. Waɗanda suka iso bayan awa shida kuwa, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.