Kurra da Gidan Tarihin Jos: Abin da Ramin Kuza Ya Haifa

Idan aka yi babban taro a Jos, musamman na injiniyoyi ko masana ma'adinai, ranar ƙarshe akan keɓe ta don ziyarar gani da ido. Sai a cika motoci, wasu su nufi gidan adana kayan tarihi da ke cikin gari, wasu kuma su ɗauki hanyar Barikin Ladi zuwa tashar wutar lantarki ta Kurra. Mahalarta kan ɗauka wurare biyu ne da ba abin da ya haɗa su, ɗaya na tukwane da kawunan yumɓu, ɗaya na bututu da injina. Amma uwarsu ɗaya, wato kuza.

Tun kafin Bature ya hau tsaunin Jos, maƙeran Ririwai suna narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Neja, har ya aiko masu bin sawu a farkon shekarun 1900. Kafin a ce kwabo, kamfanonin Ingila sun cika Naraguta da Bukuru. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos, lebura kuma suka kwararo daga Kano, Bauci, Barno da sauran wurare. Hausa ta zama harshen bariki, shi ya sa har yau taswirar yankin ke cike da sunaye irin su Barikin Ladi da Sabon Gida.

Haƙar kuza aiki ne mai cin ƙarfi. Da farko diga ce da kwano, mutum ya sara, wani ya ɗauka a ka, a kai bakin ruwa a wanke. Da ramuka suka yi zurfi, sai aka kawo injinan da ke zuƙo tsakuwa da ruwa, su kuwa ba sa motsi sai da makamashi. Itace ya yi ƙaranci a tsaunin, gawayin kwal na can Inugu, kawo shi da tsada. Abin da Allah ya hore wa yankin shi ne ruwan sama mai yawa da gangare mai tsawo, inda koguna ke faɗowa daga bakin tsauni. A shekarun 1920 aka fara sarrafa faɗuwar ruwan Kwall, sannan a 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tashar Kurra. Dabarar ba ta da wuyar ganewa: a tare ruwan damina a madatsa, a sako shi ta cikin manyan bututu zuwa ƙasan gangare, ƙarfinsa ya juya injin, waya ta kai wutar bakin rami. Ginin tashar fa kusan shekara arba'in ke nan kafin a kammala madatsar Kainji a 1968. Kuma ba don fitilar talaka aka yi ta ba, don injin kamfani ne. Gidajen gari daga baya suka samu rabonsu.

Ramin nan dai shi ya tono tarihi. A 1928, a wani wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, aka ci karo da wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, aka ajiye shi ba tare da an san darajarsa ba. A 1943 wani kan ya sake fitowa a yankin Jama'a. Wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya don ya kori ɓarna, kuma ya yi wannan aikin har aka kai shi gaban Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanta ilimin tono kayan tarihi. Fagg ya lura da kamanninsa da na farkon, musamman idanun nan masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Ya bi barikoki yana roƙon ma'aikata kada su fasa abin da suka gani a cikin laka. Da haka aka gane wata al'umma da ta rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ta iya ginin yumɓu, ta kuma san narka ƙarfe. Kayan da aka tara ne suka zama harsashin gidan tarihin da Fagg ya buɗe a 1952.

Daga baya gidan ya faɗaɗa. Akwai zauren tukwane, akwai rubuce-rubucen Larabci na hannu, akwai kawunan jiragen tsohon layin Zariya, wanda aka rufe a 1957. A gefe kuma akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu.

Akwai abin da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba a irin wannan ziyara. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Jos da aikin tilas, wanda mutane suka kira ɗiban gwamna. An kwaso talakawa daga lardunan Arewa zuwa sanyin tsauni, ba isasshen abinci ba mayafi, da yawansu ba su koma gida ba. 'Yan ƙasa kamar Birom kuwa, gonakinsu ne suka koma tuddan ƙasa da kududdufai.

Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse, injina suka yi tsatsa. Tashar Kurra ba ta bi su ba, ta ci gaba da ba da wuta a hannun kamfani mai zaman kansa, har a zamanin da NEPA ke riƙe da kusan duk ƙasar. Masu shirya taro da za su kyauta idan suka daina raba baƙinsu gida biyu. A fara da Kurra da safe, a tsaya bakin ɗaya daga kududdufan Bukuru a hanyar dawowa, a ƙarasa gaban kawunan Nok kafin la'asar. Mota ɗaya ta isa.