Murfin ado na birki da matsalar zafi

Murfin ado shi ne jan robar nan ko alminiyam da ake ɗora wa kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, don mota ta yi kama da ta tsere. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan.

In ka taka birki, gudun motar zafi yake komawa, iska ce kuma ke kwashe shi. Murfin yana tare iskar. Sabon man birki DOT 3 yakan jure digiri 205, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 140, nan take birki ya yi laushi. A gosulon Legas da wuya ka lura, amma a gangaren Milliken na Enugu, ga kaya, za ka ji a ƙafarka. In ja kake so, fenti mai jure zafi ya fi.