Furotin ɗin wake da tarihin mallakarsa

Maganin ƙwaro da ke cikin ƙwayar wake, wanda masana ke taƙaita sunansa da CpTI, wani ƙaramin sinadarin furotin ne mai tubalan amino asid wajen 80. Aikinsa shi ne ya kama tirifsin, sinadarin da hanji ke narkar da abinci mai gina jiki da shi, ya ɗaure shi. Tsutsar da ta ci shi da yawa cikinta na cike amma yunwa na cinta, ba ta girma. Mutum ma da zai ci ɗanyen wake da ya ji a jikinsa, sai dai wuta na karya yawancin ƙarfin sinadarin, shi ya sa ƙosai da alale da ɗanwake ba su cutar da kowa ba. Sunan wannan sinadari ya shiga tarihi ne saboda yana cikin abubuwan farko da aka ɗauka daga amfanin gonar Afirka ta Yamma aka yi musu takardar mallakar fasaha a Turai da Amurka.

Wake ɗan gida ne. A Afirka aka fara nomansa, kuma har yau Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen samar da shi. A ƙasar Mubi, daga gindin duwatsun Mandara zuwa Maiha da Hong da Michika, ana shuka shi a tsakanin dawa ko masara, a ci ƙwayar, a ɗaure harawa don dabbobin da za su nufi kasuwar shanu. Duk wanda ya taɓa ajiye buhu ya san inda gizo ke saƙar. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kaya. Macen kan liƙa ƙwai fari ƙanƙani a jikin ƙwaya, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki, ta ci ta ƙoshi, bayan kamar wata guda ta fito da fiffike ta wata 'yar ƙofa zagayayya kamar an huda da allura. Kafin bazara, mai saye zai cusa hannu cikin buhu ya ɗebo, ya ga gari na zuba ta tsakanin yatsunsa, ya karya farashi. Tun kaka da kakanni mata ke cuɗa wake da toka ko rairayi ko barkono su rufe a tukunya saboda wannan.

A cikin shekarun 1970, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, wadda aka kafa a 1967, ta dinga gwada dubban ire-iren waken da ta tattaro, tana neman wanda ƙwaro ba ya iya masa. Aka dace da wani iri daga cikin waken manoman Najeriya, aka ba shi lamba TVu 2027. Aka aika samfurinsa Jami'ar Durham a Ingila don a gano sirrinsa. A 1979 Angharad Gatehouse da Donald Boulter da abokan aikinsu suka ba da rahoton cewa wannan iri ya fi sauran yawan sinadarin da ke ɗaure tirifsin, suka ce shi ne dalilin juriyarsa. Irin waɗannan sinadarai ba baƙi ba ne ga masana, domin tun a shekarun 1940 Moses Kunitz da Donald Bowman suka ware makamantansu daga waken suya. Sabon abu shi ne tunanin a mai da su makamin kare shuka.

Lokacin kuwa ya zo daidai. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Diamond da Chakrabarty, ta yanke cewa ana iya mallakar halitta mai rai idan hannun ɗan Adam ne ya sauya ta. Kuɗi suka fara kwarara cikin binciken ƙwayoyin gado. Masanan Durham, da tallafin wani kamfani na Kambirij mai suna Agricultural Genetics Company, suka ciro ƙwayar gadon da ke sa wake yin CpTI, suka dasa ta a jikin taba. A 1987 mujallar Nature ta buga sakamakon: tsutsar da ke cin tohon taba ta kasa yi wa sabuwar tabar ɓarnar da ta saba. A shekarar ce kuma wasu masana a Beljiyam suka nuna irin wannan nasara da ƙwayar gadon wata ƙwayar cutar ƙasa da ake kira Bt. Kamfanin na Kambirij ya karɓi takardun mallaka a kan ƙwayar gadon wake da hanyar amfani da ita, ya shiga sayar wa kamfanonin iri lasisi.

Takardar mallakar fasaha yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana yadda abinka ke aiki dalla-dalla, a ba ka shekara 20 babu mai yin sa don kasuwa sai da izininka. A fannin lantarki wannan ciniki bai da wuyar fahimta. Lokacin da Jack Kilby da Robert Noyce suka shigar da takardunsu a 1959 kan haɗa sassan lantarki a jikin ɗan guntun sinadari guda, abin da ya zama ƙwaƙwalwar kowace waya da ake gyarawa a kasuwar Mubi yau, gardamar da ta kai kamfanoninsu kotu ita ce wa ya riga wa. Ba wanda ya ce ya tarar da abin a gonar kakansa. Wake kuwa ba a Durham aka ƙera shi ba. Manoma ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen iri, suna ajiye wanda ya kai damina lafiya. Ƙungiyoyin kare haƙƙin manoma suka riƙa kawo wannan labari a matsayin misalin kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Masu kare kamfanin suka ce ba wake aka mallaka ba, aikin ware ƙwayar gadon da dasa ta ne, kuma babu manomin da aka hana shuka irinsa. Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma ta biyun ba ta amsa ta farko ba.

Dokar Najeriya ba ta da bakin magana a lokacin. Dokar mallakar fasaha ta 1970, wadda ta maye gurbin tsarin mulkin mallaka na yin rajistar takardun da aka riga aka bayar a Birtaniya, ta hana mallakar ire-iren shuka da dabbobi, amma ikonta bai wuce iyakar ƙasa ba. Yarjejeniyar Rio da ta amince cewa kowace ƙasa na da iko a kan albarkatun halittunta sai a 1992 aka sa mata hannu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayanin farko bai tsaya da ƙafarsa ba. A ƙarshen shekarun 1980 masana a Fortaleza ta Brazil, ƙarƙashin José Xavier-Filho, suka auna ire-iren wake da dama suka ga yawan CpTI bai tafiya tare da juriya ga ƙwaro. Binciken da ya biyo baya ya karkata ga wani furotin dabam, na ajiyar abinci a cikin ƙwaya, wanda a TVu 2027 yake da wuyar narkewa a cikin tsutsa. Wato abin da aka mallaka ba lalle shi ne ya kare waken ba. A kasuwa ma Bt ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Inda CpTI ya shiga gona sosai shi ne Sin, inda aka haɗa shi da Bt a wata auduga mai suna SGK321.

Manomin Mubi kuwa agajinsa ta wata hanya ya zo, daga tsallaken iyaka. Daga 1987 masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, da Larry Murdock a gaba, suka zauna da takwarorinsu na Kamaru a Marwa, suka fara da kallon yadda mutanen yankin ke ajiya. Suka gwada toka suka ga tana aiki idan an zuba ta daidai. Daga nan aka kai ga buhu mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa dabam. Ƙwaro ya shanye iskar da ke ciki, ya daina ci, ya mutu, babu ɗigon magani. A 2007 aka fara yaɗa shi da sunan PICS, kuma a Kano ake yin na Najeriya. Amfaninsa ya ƙara fitowa a 2015, da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya.

Daga baya wata ƙwayar gado dabam ta yi tafiya daga waje zuwa cikin wake. A Disambar 2019 aka amince da irin SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa. Yana ɗauke da ƙwayar gadon Bt da kamfanin Monsanto ya bayar ba tare da neman kuɗin lasisi ba, ta hannun gidauniyar fasahar noma ta Afirka, wato AATF, kuma tsutsar Maruka mai cin fure da kwanso yake yaƙa, ba ƙwaron rumbu ba. Har yanzu akwai masu adawa da shi, wasu don lafiya, wasu don tsoron kada iri ya koma hannun kamfani.

Ta fuskar doka, Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tsara yadda za a raba amfani da ƙasar da aka ɗauko abu daga cikinta, Najeriya kuma ta yi dokar kare haƙƙin masu samar da sababbin ire-iren shuka a 2021. A Mayun 2024, a Janeba, ƙasashen hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya, wato WIPO, suka amince cewa duk mai neman takardar mallaka a kan abin da ya dogara da wata halitta dole ya faɗi ƙasar da ta fito. Sharaɗin bai shafi takardun da aka shigar kafin ya fara aiki ba, na CpTI kuwa wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa.