Asiton: ruwan goge jan farce da ke kama wuta kamar fetur

Da yawa daga cikinmu mazauna Agege, Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan muna da asiton a ɗaki, ba mu ma san sunansa ba. Shi ne ruwan nan mai kaifin wari da mata ke goge jan farce da shi, yana kuma cikin wasu nau'o'in tina ta masu fenti. Idan Super Glue ya manne yatsun mai gyaran takalmi, shi ke raba su.

Abin da na fi jin tsoro game da shi wuta ce. Asiton na tafasa da zafin digiri 56 kacal, shi ya sa da an buɗe kwalba yake bin iska. Tururinsa ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, wato ƙasa yake kwanciya ya bi daɓe har ya isko risho, gas, ko maganin sauro da aka kunna a ƙarƙashin gado, sai wutar ta biyo shi zuwa kwalbar. To, ku dubi irin ɗakunan hayarmu na nan Kudu: ɗaki ɗaya, girki a bakin ƙofa, taga a rufe saboda sauro. Ni dai shawarata, a fita da aikin tsakar gida, kuma kada mai sigari ya matso.

Shaƙarsa da yawa na kawo ciwon kai, jiri da kaikayin maƙogwaro. A fata kuwa maiƙo yake kwashewa, hannu ya bushe ya tsage, don haka a wanke da sabulu a shafa mai. In ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15.

Sai batun yara. Asiton garau yake kamar ruwa, don Allah kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo. Yaron da ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Aman na iya shiga huhu. A ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita, ko a kira 112.

Kada a gauraya shi da bilic irin su Hypo ko Jik, haɗin na fitar da sinadari mai sumar da mutum. Yana kuma cin fentin mota, gilashin ido na roba da fuskar talabijin, a fara gwadawa a wani lungu.

Jikin mutum ma na samar da asiton kaɗan. Mai ciwon suga da numfashinsa ya koma warin ruwan goge farce, ga amai da ƙishirwa, a kai shi asibiti a ranar.